Neman abinci marar nama a garuruwan bakin teku: ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba

Yau maganar ciki za mu yi, domin duk wanda ya taɓa bin kaya zuwa Kwatano ko Lome ko Tema ya san cewa bayan wahalar duwan da ta masu fiton kaya, babu abin da ke damun baƙo kamar abin da zai sa a bakinsa. A manyan birane abin da sauƙi, tunda akwai zango, akwai mahautanmu, akwai masu tuwo da suka san hannunmu. Inda gizo ke saƙa shi ne ƙananan garuruwan bakin teku, irin su Wida da Gran-Popo a Benin, Aneho a Togo, Keta da Elmina a Gana, inda mota ke lalacewa, ko takarda ta tsaya a kan iyaka, ko ciniki ya riƙe mutum kwana biyu ko uku. A can ne za ka ga Alhaji mai kamyo goma yana kwana da burodi da shayi, ka ga Hajiya mai diloli na atamfa tana jiƙa gari da sukari safe da yamma, alhali kuɗi na ɗaure a ƙugunta.

Abin ya ƙara tsanani bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, lokacin da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kaya da yawa suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina. Hanya ta ƙara tsawo, kwanakin jira suka ƙaru, mutanenmu suka riƙa kwana a wuraren da a da wucewa kawai suke yi. Wanda ya saba daurewa da yunwar kwana ɗaya ya ga cewa ta sati guda ba ta dauruwa.

Kada wani ya ce mun zo hana cin nama. Mu ƴan ƙasar kiwo ne, kilishinmu ya yi suna har ƙasashen waje, kuma da dabbobi ne gidaje da yawa ke rufa asirinsu. Amma a cikinmu akwai mutum iri uku da ke gudun nama in sun sauka kudu. Na farko shi ne mai shakkar yanka. A garuruwan nan akwai Musulmi, akwai Kirista, akwai masu bin addinin gargajiya na bodun, kuma kazar da ke cikin miya ba ta zuwa da shaidar wanda ya yanka ta, balle kajin firigo da aka daɗe ana saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano daga Turai da Barazil. Ga naman alade da naman daji ana sayarwa a fili, wani lokaci ludayi guda ne ke shiga tukwane duka. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, saboda haka kifi yakan fid da mai shakka, amma sai in ba a gama shi da wani abu ba.

Na biyu shi ne mai larura. Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, da ciwon gaɓɓai da likitoci ke kira gut, sun yi yawa a cikin masu zama a kanti da masu kwana a mota. Mai gut an hana shi yawan jan nama da kayan ciki da wasu halittun teku, mai tansiyo kuma an ce ya rage gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda, alhali kifin da ake adanawa a bakin teku da gishiri ake adana shi. Na uku shi ne mai lissafi da mai tsoron cikinsa, wanda ya san cewa nama a ƙasar zafi da laima ba ya jimawa, kuma zawo a kan hanya ya fi tarar jandarma ciwo.

To, su ma Turawa suna da nasu masu gudun nama, kuma saboda su ne aka fara ganin wasu alluna a bakin teku. Akwai waɗanda ba su cin nama da kifi amma suna shan madara suna cin ƙwai, su ne a Faransanci ake rubuta wa végétarien. Akwai kuma waɗanda suka fi su tsanani, ana kiransu ƴan began, a kan allo za ku ga an rubuta vegan ko végétalien. Su ba su cin komai da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma ba su sha. Wani Bature mai suna Donald Watson ne da abokansa suka ƙirƙiro sunan a Ingila a 1944. Wasunsu tausayin dabbobi ne ya sa su, wasu lafiya, wasu kuma kare muhalli. Ƴan Rasta, waɗanda aƙidarsu ta taso daga Jamaika, su ma da yawansu suna da irin wannan abincin, suna kiransa ital. Dalilinsu daban da namu, amma tukunyar da suke nema ita ce wadda mai shakkar yanka zai ci hankalinsa kwance, domin inda ba a yanka komai ba babu tambayar wanda ya yanka.

Ganin haka ne wasu samarinmu masu wayar hannu suka fara cewa an huta, sai a duba taswirar waya a nemi gidan abincin began. Mu dai shawararmu ita ce kada ɗan kasuwa ya ɗora cikinsa a kan wannan. Dalili kuwa na kasuwa ne, kuma ku kun fi kowa saninsa. Waɗannan garuruwa na masunta ne. Da asuba maza ke jan koma a bakin ruwa, da hantsi mata ke ƙyafe kifi, rabin gari da shi ke ci da sha. Elmina tana cikin manyan matsayar kwale-kwalen masunta a Gana, Gran-Popo kuma tana tsakanin teku da kogin Mono. Wanda ya buɗe gidan abinci a irin wannan wuri ya ce ba ya dafa kifi, ya kori ƴan gari tun ranar farko, sai ya zauna jiran baƙi masu yawon buɗe ido.

Su kuwa baƙin nan lokaci gare su kamar damina. A Wida suna cika gari wajen 10 ga watan Janairu, lokacin bikin bodun. A Kef-Kos da Elmina suna zuwa ganin tsofaffin gidajen da aka tsare bayi kafin a haye da su teku, musamman jikokin bayin daga Amurka, kuma sun ƙaru bayan da Gana ta kira 2019 shekarar komowa gida. Turawa kuma sukan zo lokacin hutunsu na Yuli da Agusta da na ƙarshen shekara. In lokacin ya wuce, mai gidan abinci ya rage ma'aikata, ko ya sa kwaɗo ya tafi. Waya ba ta san an rufe ba. Kai ne za ka biya ɗan kabu-kabu ya kai ka har ƙarshen gari, ka tarar da ƙofa a garƙame, ka sake biyansa ya maido ka da yunwarka. In ma ka same shi a buɗe, galibi a cikin otel yake ko a gefen mashaya, inda Hajiya ba za ta so a gan ta zaune ba, kuma faranti guda sai an ƙirga jikkuna, a kawo maka ɗanyen ganye da yankan tumatir da ba za su kai ka azahar ba.

Gaskiya dai akwai na kirki a cikinsu, masu tsabta, waɗanda mai dafuwar ya san duk abin da ya shiga tukunyarsa. Wanda ya ci karo da irinsu kuma yana da hali, ya shiga ya ci. Alamun na kirki ba su da wuyar ganewa. Ka ga ƴan gari ma suna ci a wurin, ba baƙi kaɗai ba. Ka ga akwai wake ko waken soya ko gyaɗa a cikin abin da suke dafawa, domin su ne ke tsayawa a madadin nama. Ka tambayi mai dafuwa abin da ke cikin miya ya lissafa maka ba tare da ya je ya tambayo wani ba. Amma irin wannan sa'a ce, ba a shirya tafiya da sa'a.

Abincin da muke nema yana nan a garuruwan nan, sai dai ba shi da allo. Yana hannun matan da ke zama a bakin tasha da ƙofar kasuwa da gaban lakwal tun da sassafe. A Benin ku nemi ata, wato ƙosanmu ne sak, ana cinsa da koko. Ku nemi abobo, dafaffen wake da ake barbaɗa wa garin rogo a zuba mai. Ku nemi atasi, shinkafa da wake. Akwai akasa, farin tuwon ƙullun masara da ake naɗewa a ganye, akwai ablo mai laushi da ake turarawa, akwai soyayyar doya da aloko. Har awara suna yi, suna kiranta cukun soya. A Togo shinkafa da wake sunanta ayimolu, wake da gari sunansa beyi, soyayyar doya kuma koliko. A Gana akwai wake da gari da manja da soyayyar ayaba, akwai kenke na masara. Ga kwakwa ɗanya da za a sare maka ka sha ruwanta a gabanka, ga abarbar Alada mai zaƙi, ga gyaɗa, ga gasasshiyar masara. Da kuɗi kaɗan mutum yakan karya kumallo ya tashi da ƙarfinsa.

Wani abin da ya kamata ya ba mu kunya kuma ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, da yawa daga cikin abincin nan sunayenmu ne suke amsawa. Abin da mutanen Gana ke rubutawa waakye suna faɗinsa wace, daga kalmarmu ta wake ya fito. Ƙosai ya zama kose, tuwon zafi ya zama tuo zafi, kokon safe kuwa har yau Hausa koko suke ce masa. A Benin ƙuli-ƙuli ya zama kuluyi-kuluyi. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, da matan zango da suka zauna bayansu, su ne suka kai waɗannan tukwane kudu. Ko waken da ake dafawa a can, wani daga gonakinmu ya fito, tunda bayan Najeriya babu ƙasar da ta kai Nijar noman wake a duniya. Albasar da ake yankawa a kai, wata ta Galmi ce. Mutum ya yi tafiyar kilomita fiye da 1000 daga Yamai, ya zauna da yunwa a gaban abincin kakarsa, don kawai an canja masa suna.

Sai dai akwai tarko, kuma a cikin miya yake. Wake da shinkafa da doya ba su da laifi, abin da ake zubawa a kansu ne ke ɗauke da kifi ko romon nama a ɓoye. Mutanen bakin teku suna da tasu daddawar, amma ta kifi ce. A Benin da Togo ana kiranta lanwin, kifi ne da ake bari ya ruɓa kaɗan a cika shi da gishiri. A Gana akwai momoni da kobi masu irin wannan aiki, kuma baƙin yajinsu mai mai da ake kira shito da busasshen kifi da jatan lande ake soya shi. Jar miyar da ake zuba wa atasi sau da yawa akwai dakakken jatan lande a ciki. Miyar lalo da suke kira ademe, da miyar ganyen gboma, da ƙaguwa da kifi da ganda ake yinsu. Jan tuwon masara da ake kira amiwo galibi da romon kaza ake tuƙa shi. Ga dunƙulen magi mai ɗanɗanon kaza ko na jatan lande, ga man da aka soya kifi da shi da safe aka soya doya da shi da rana. Mai shakkar yanka ba shi da matsala da na kifin, romon kaza da ganda ne nasa abin lura. Mai tansiyo kuwa lanwin da magi sun fi masa tsokar nama illa.

Saboda haka tambaya ita ce jarin matafiyi, amma sai an iya ta. In ka ce wa mai abinci ba ka cin nama, za ta tsame tsokar ta zuba maka romon, kuma a wajenta ba ta cuce ka ba. In ka tambaye ta ko akwai kifi a miya, za ta ce babu, domin ba ta lissafa lanwin cikin kifi, kamar yadda uwargida a Maraɗi ba ta lissafa daddawa in ana maganar abin da ta dafa. Sai ka bi abin ɗaya bayan ɗaya. Ka gaishe ta tukuna, ka kira ta Maman ko Tanti kamar yadda ƴan gari ke yi, sannan ka tambayi romo, ka tambayi busasshen kifi, ka tambayi magi, ka tambayi man suya. Wanda bai iya Faransanci ba ya riƙe kalmomi huɗu, sans viande, sans poisson, wato ba nama ba kifi, sauran kuma ya nuna da yatsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar miyar gaba ɗaya, ka ce a zuba maka ɗanyen mai da yankakkiyar albasa da tumatir, ka fiddo yajinka daga jaka. Matambayi ba ya ɓata, mai jin nauyin tambaya ne ke kwana da gari da sukari.

Guzuri ma mu koma masa, domin iyayenmu ba su taɓa fita fatauci hannu sake ba. Ƙullin yaji, dakakken ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, dabino da aya ba su da nauyi, ba su lalacewa, kuma duk farar shinkafa ko dafaffen waken da suka hau kansa ya zama abinci. A ci babban abinci da safe, lokacin da masu wake ke nan kuma komai na da zafi, domin da dare a garuruwan nan gasasshen kifi da nama ne suka fi yawa. A sayi abin da aka tsamo daga wuta a gaban ido, a fere ƴaƴan itace da hannun kai, a guji ɗanyen ganyen da ba a san ruwan da aka wanke shi da shi ba. In an sauka garin da ba a sani ba, a nemi masallaci kafin a nemi otel. Liman ko sarkin zango ya san gidan da ake dafa abin da za mu iya ci, kuma ba ya rufewa don baƙi sun tafi.

Yanzu bari mu juya ga iyayenmu mata, masu awara da masu ƙosai na Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ƴan uwansu da aure ko ciniki ya zaunar a zangunan kudu. Abin da Turawan nan ke nema da taswira su rasa, shi ne abin da kuke dafawa kullum. Awara waken soya ce da ruwan tsami. Ɗan wake garin wake ne da rogo da kuka da kanwa. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda a Yamai ake kira kopto, babu dabba a cikinsa. Haka dambu, haka alala in ba a sa mata kifi da ƙwai ba, haka kunun gyaɗa da kunun aya da zoɓo da ruwan tsamiya. Kayan haɗin kuma suna can: Benin da Togo suna noman waken soya mai yawa, zogale na fitowa ko'ina, ana matse man kwakwa a ƙauyukan bakin ruwa, ana dafa gishiri a Jegbaji kusa da Wida. Abin da babu shi ne hannun da ya iya, da allon da zai faɗa wa mai wucewa abin da ke cikin tukunya.

Kuma kun fi mai otel dama da abu guda. Shi baƙi kaɗai yake jira, ku kuwa kuna da masu ciniki iri biyu. Direbobinmu da yaran mota da ƴan albasa da masu sarin atamfa suna kan hanyar nan rani da damina, su ne za su riƙe rumfa duk shekara. Baƙon da ke neman abincin began in ya zo a lokacinsa, ribarsa ƙari ce a kan uwar kuɗi. Rumfar da ke kusa da tasha ko kan iyaka, kamar Hilakonji tsakanin Benin da Togo ko Aflawo tsakanin Togo da Gana, ba ta bukatar kujerun otel. Tebur mai tsabta take so, da abinci a rufe, da ruwan wanke hannu, da farashi guda ga kowa, da allo da aka rubuta da Hausa da Faransanci, ko da Ingilishi in a Gana ne. Yaron gida da ya yi lakwal zai iya sa sunan rumfar a taswirar waya cikin yini guda. Jari kuwa ba sabon abu ba ne gare ku. A jihar Maraɗi aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991, kuma asusu ya tsayar da sana'o'in da suka fi wannan nauyi.

Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne amana. Wadda ta rubuta cewa babu nama babu kifi, to kada magin kaza ya shiga, kada man shanu ya shiga, kada kaskon awara ya zama na soya kifi da yamma. In kuma za ta sayar da nama ga masu so, ta raba tukwane da ludayi, ta faɗa. Mai tansiyo da ya yarda da ke ransa ya ba ki ajiya, baƙon da aka yaudara sau ɗaya kuma zai rubuta a waya duniya ta karanta. Haka nan a shiga gari da ladabi: a nemi izinin hukumar gari, a biya kuɗin rumfa, a sayi mai da gishiri da itace a hannun ƴan gari, kada a kushe kifinsu. Tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairun 2025, duk mai niyyar zama ta fara tambayar shugabannin ƴan Nijar na wurin irin takardun da ake bukata, kafin ta kashe ko dala.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce wake abincin talaka ne, Alhaji ba zai zauna a benci yana cin gari da wake yaransa na kallo ba. Wannan girman kai ne da ba ya biyan kuɗin asibiti. Alhajin da ya kwana uku da shayi don kada a gan shi da kwanon wake, shi ne zai yi kuskuren lissafi a gaban mai fiton kaya. Za a kuma ce abinci ba nama ba ya sa ƙarfi. Manoman da suka cika rumbunan ƙasar nan ba kullum suke ganin nama ba, kuma likitoci sun tabbatar cewa wake in ya haɗu da hatsi yana gina jiki. Amma mu faɗi ɗaya gefen. Akwai sinadarin da ake kira bitamin B12, wanda ba a samunsa sai a nama da kifi da ƙwai da nono, shi ya sa ƴan began na gaskiya ke shan ƙwayarsa. Wanda ya bar waɗannan duka na tsawon shekaru ba tare da ƙwayar ba, jininsa zai ragu, jijiyoyinsa su taɓu. Saboda haka kada a hana yara da masu ciki da masu shayarwa nono da ƙwai da nama da sunan wayewa. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa gari da aloko da koko mai sukari ba su zama magani ba don babu nama a cikinsu, ya bi abin da likitansa ya gaya masa. Mu maganar kwanakin tafiya muke yi, da maganar sana'a.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Shugabannin ƴan kasuwa da sandikar direbobi, waɗanda suka san kowane shingen jandarma daga nan har teku, su san kuma gidajen da mutanensu za su ci abinci, su riƙa gaya wa sabon shiga kafin mota ta tashi. Wanda ya gano mai wake mai tsabta a Aneho ko Gran-Popo ya faɗa wa na bayansa, kamar yadda muke gaya wa juna farashin albasa. Ƙungiyoyin mata su zauna su yi lissafi, su tura mutum biyu su je su gani da ido kafin a fasa asusu. Wasu sun hayo jirgin sama suna neman abin da ke cikin kaskonmu, mu kuma muna wucewa ta gabansa da yunwa. Allah ya tsare hanya, ya ba mu lafiyar ciki da ta jiki, ya sa albarka a kasuwa.